Me ya sa mai albashi ne kaɗai doka ba ta bar wa ƙofar rage haraji ba?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan gida. Akwai maganar da take cina tun da aka fara ce-ce-ku-ce a kan sabuwar dokar haraji, ina roƙon masu ilimin abin su warware min. A 2017, lokacin da Osinbajo yake riƙon ƙwaryar shugabancin ƙasa, ya ƙaddamar da shirin VAIDS na ba mutane damar bayyana dukiyarsu da kansu su biya harajin da ake bin su, ya faɗa da bakinsa cewa cikin mutum kusan miliyan 70 masu neman na kansu a Najeriya, miliyan 14 ne kawai suke biyan haraji, kuma kashi 96 cikin ɗari na waɗannan masu albashi ne da ake yanke wa tun kafin kuɗin ya iso hannunsu. Ya ƙara da cewa mutum 214 ne kacal a duk faɗin ƙasar nan suke biyan naira miliyan 20 ko fiye a shekara, kuma dukansu a Legas. To ina attajiran Kano da Abuja da Fatakwal? Ni ma'aikaciyar jinya ce, ban taɓa ganin albashina cikakke ba, sai dai in ga abin da ya rage idan alat ya shigo. Na san akwai masu ƙin biya da gangan, waɗannan masu laifi ne, a ajiye su gefe. Waɗanda suka fi damuna su ne manyan kamfanoni da masu kuɗin da za a ce maka ba su karya doka ko ɗaya ba, amma kason da suke biya bai kai nawa ba. Ta yaya hakan yake yiwuwa?

Akanta Bashir: Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan aikina ne na kullum, bari in fara daga tushe. Ke ana lissafa harajinki ne a kan abin da ya shigo. Kamfani kuwa ana lissafa nasa a kan abin da ya rage bayan ya cire duk abin da ya kashe. Kuɗin motar da kike biya zuwa asibiti, takalmin aiki, katin waya, duk daga aljihunki suke fita bayan an riga an yanke haraji. Mai kamfani kuwa motarsa ta kamfani ce, direbansa ma'aikacin kamfani ne, gas ɗin janareta da tikitin jirgi zuwa Dubai duk suna shiga littafi a matsayin ɗawainiyar kasuwanci. Kafin a zo kan riba an ci rabin rayuwarsa a cikin lissafin. Wannan ita ce ƙofa ta farko, kuma ita ce mafi ƙanƙanta.

Ta biyu ta fi girma. Babban mai kuɗi ba ya rayuwa da albashi. Jeff Bezos ya shafe shekaru albashinsa a Amazon bai wuce dala dubu 82 a shekara ba. Dukiyarsa tana cikin hannun jari, kuma a dokar Amurka ko hannun jarinka ya ninka sau goma, babu haraji a kai sai ranar da ka sayar. To ba ya sayarwa. Idan yana son kuɗin kashewa sai ya je banki ya jinginar da hannun jarin ya karɓi rance, rance kuma ba kuɗin shiga ba ne, babu haraji. Idan irin wannan mutum ya mutu, magadansa suna gadon hannun jarin a kan farashin ranar mutuwa, duk hauhawar da ya yi a baya ta shafe daga lissafin harajin riba. A 2021 'yan jaridar ProPublica sun samu bayanan hukumar harajin Amurka, suka nuna cewa mutum 25 mafiya kuɗi a ƙasar dukiyarsu ta ƙaru da dala biliyan 401 tsakanin 2014 da 2018, harajin da suka biya kuwa biliyan 13.6, wato kashi 3.4 cikin ɗari. Bezos bai biya harajin kuɗin shiga na tarayya ba ko sisi a 2007 da 2011. A 2011 ɗin ma har rangwamen dala 4,000 na masu 'ya'ya ya nema.

Sadiq BUK: Rangwamen 'ya'ya kuma? Innalillahi. Yaya Bashir, kuma ba a kama shi ba?

Akanta Bashir: A kama shi da wane laifi, Sadiq? Duk abin da ya yi yana rubuce a cikin doka.

Alhajin Kwari: Ni fa ina da ja a nan. Kullum idan aka tashi wannan magana sai a mai da ɗan kasuwa azzalumi. Hajiya, ke sau ɗaya ake yanke miki a wata. Ni kuɗin shago daban, na ƙaramar hukuma daban, na shara daban, na allon suna daban, kwastan a tashar ruwa, sannan mota ɗaya daga Legas zuwa Kano a tsayar da ita a shinge bayan shinge. Wutar da nake amfani da ita ni na saya, rijiyar burtsatse ni na haƙa, mai gadi ni nake biya. Yara goma sha suna cin abinci a ƙarƙashina. Idan na samu akanta ya nuna min hanyar da zan rage abin da zan ba gwamnatin da ba ta yi min komai ba, wallahi zan bi, kuma ba na jin na ci haƙƙin kowa.

Maman Hanif: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ban ce kai azzalumi ba ne. Amma wutar da ka ce kana saya, ni ma ina saya. Ruwa 'yan garuwa ne suke kawo min. Makarantar su Hanif ta kuɗi ce. Duk abin da gwamnati ta gaza yi maka ni ma ta gaza yi min. Bambancinmu ɗaya ne, kai idan ka ji haushi kana da akanta, ni idan na ji haushi sai dai in haɗiye.

Alhajin Kwari: Wannan kuma gaskiya ne, ba zan musa ba. Amma ki yi faɗa da masu kashe kuɗin, ki bar mu.

Barista Zainab: Abin da Alhaji ya faɗa shi ne ainihin matsayin da kotunan Ingila suka tsaya a kai shekara da shekaru, kuma daga can muka gaji tsarin shari'armu. A tsakiyar shekarun 1930 an yi shari'ar Duke na Westminster, ɗaya daga cikin manyan masu filaye a Landan. Yana da masu kula da lambu da sauran barori. Idan ya biya su lada, doka ba ta yarda ya cire kuɗin daga abin da za a lissafa masa haraji ba. Sai lauyoyinsa suka ce ya rubuta musu takardar alkawari cewa zai riƙa ba su kuɗi kaza har shekara bakwai, domin irin wannan alkawari doka ta yarda a cire shi. Mai lambu yana nan yana aikinsa, kuɗin da yake karɓa bai canza ba, sunan kuɗin ne kawai ya canza. Hukumar haraji ta kai ƙara, kotun ƙoli ta lokacin ta ba Duke gaskiya. Alƙali Lord Tomlin ya ce kowane mutum yana da 'yancin tsara al'amuransa yadda harajin da zai hau kansa zai ragu. A kan wannan hukunci aka gina sana'ar lauyoyin haraji gaba ɗaya. Daga baya, a shari'ar Ramsay ta 1981, kotun ta ja da baya, ta ce za a duba cinikin gaba ɗayansa, idan matakan da aka jera ba su da wata manufa sai kauce wa haraji ba za a kula su ba. Dokarmu ma ta ba hukuma ikon watsi da cinikin da aka ƙirƙira don wannan manufa. Matsalar ita ce tabbatar da hakan a gaban alƙali, ga kamfani da manyan lauyoyi, ga jami'in haraji da albashinsa bai kai kuɗin man motar ɗaya daga cikinsu ba.

Malam Habibu: Barista, Allah ya saka da alheri. Wannan labarin mai lambu ya tuna min da wani babi a zakkar dabbobi. A takardar da Sayyidina Abubakar ya rubuta game da zakka, wadda Bukhari ya ruwaito, an ce kada a haɗa abin da yake rarrabe, kada kuma a rarraba abin da yake haɗe, don tsoron zakka. Imamu Malik ya fassara shi da misali a Muwaɗɗa. Mutum uku, kowa yana da tumaki 40, kowa akwai tunkiya ɗaya a kansa, uku ke nan. Da suka hango mai karɓar zakka sai suka haɗa garken ya zama 120, tunkiya ɗaya tak za a karɓa. Ko abokan tarayya biyu, kowa yana da 101, a haɗe 202, tumaki uku ne a kansu. Sai su raba garken, kowa ya ba da ɗaya, biyu ke nan. Ku duba da kyau, babu wanda ya ɓoye tunkiya a nan, babu wanda ya yi ƙarya a kan adadi. Kowa ya bi lissafin daidai. Amma an hana, saboda abin da ya sa suka haɗa ko suka raba shi ne rage haƙƙin da ya hau kansu.

Injiniya Kabir: Allah gafarta Malam, zakka ibada ce, Allah ne ya wajabta, kuma ya faɗi waɗanda za a ba. Haraji kuwa 'yan majalisa ne suka zauna suka rubuta. Ba na jin za a auna su da mudu ɗaya.

Malam Habibu: Ban daidaita su ba, Injiniya, kuma ba fatawa nake bayarwa a kan haraji ba. Abin da nake so a lura da shi shi ne tun ranar da aka sa ƙa'idar aka san masu dukiya za su nemi dabara, sai aka toshe dabarar a cikin ƙa'idar kanta, ba a bar ta ga tsoron Allahn mai garke ba. Dokokin harajin yau kuwa sau da yawa da ƙofar a buɗe ake rubuta su, kuma waɗanda za su bi ta ƙofar suna zaune a wurin lokacin da ake rubutun.

Usman Manchester: Malam ya taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ina aikin kula da tsofaffi a nan Ingila, kafin kuɗina ya shigo an cire haraji an cire inshorar ƙasa, ba a tambaye ni ba. A 2012 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya bankaɗo cewa Starbucks, mai sayar da kofi, ya yi cinikin sama da fam biliyan 3 a ƙasar nan cikin shekara 14, harajin kamfani da ya biya fam miliyan 8.6. A takarda kusan kullum asara yake yi. Ta yaya? Reshen Ingila yana biyan reshen Holan kuɗin amfani da sunan Starbucks, yana sayen kofi ta hannun reshen Suwizalan, yana biyan kuɗin ruwa a kan bashin da ya ci daga cikin gida. Da mutane suka fara ƙaurace wa shagunan, sai kamfanin ya fito ya ce zai biya fam miliyan 20 cikin shekara biyu. Wannan ne ya fi ba ni takaici. Shi ne ya zaɓi adadin da zai biya, ya zaɓi lokacin. Wace mai shara ce a asibiti aka taɓa ba wannan zaɓin?

Sannan akwai tsarin da ya ba mai kuɗin da ke zaune a nan damar cewa asalin gidansa wata ƙasa ce, don haka kuɗin da yake samu a waje ba a taɓa su. A 2022 aka gano matar Rishi Sunak tana cikin wannan tsari, alhali mijinta ne ministan kuɗi. Ba ta karya doka ba. Sai a Afrilun 2025 aka soke tsarin, bayan ya shekara fiye da 200.

Sadiq BUK: Yaya Bashir, don Allah a yi min bayanin wannan na reshe da reshe da lissafi mai sauƙi, ban kama shi sosai ba.

Akanta Bashir: To ɗauki kamfanin da yake yin lemo a nan, uwar kamfanin tana waje. A ce ya ci ribar naira 100. Harajin babban kamfani a Najeriya kashi 30 ne, ka ga gwamnati tana da naira 30. Sai uwar kamfanin ta buɗe wani ɗan ofis a Morishiyos ko wani tsibiri mai ƙaramin haraji, ta ce sunan lemon da tambarinsa mallakar wannan ofis ne, kamfanin nan ya biya naira 30 kuɗin amfani da suna. Ta buɗe wani a Holan, ya ranta wa na nan kuɗi, a biya shi naira 30 kuɗin ruwa. Wani kuma ya turo takardar kuɗin shawarwari, naira 20. Ribar da ta rage a Najeriya naira 20, haraji naira 6. Kwalba a nan aka cika ta, a nan aka sha, ma'aikata a nan suka yi gumi kuma an yanke musu nasu cif, amma riba ta tashi ta sauka a ofishin da wataƙila ko mutum uku babu a ciki. Misali ne na bayar, a aikace akwai harajin da ake riƙewa a kan irin waɗannan biyan, kuma Najeriya ta fito da ƙa'idojin cinikin 'yan gida ɗaya a 2012, ta sabunta a 2018, dokar kuɗi ta 2019 kuma ta sa iyaka a kan kuɗin ruwan da za a cire. An rage girman ƙofar, ba a rufe ta ba.

Google ya yi irin wannan, a 2017 kaɗai ya wuce da kusan yuro biliyan 20 ta wani kamfaninsa na Holan zuwa Bamuda, inda a lokacin babu harajin riba. Na Apple ya fi ban mamaki. A 2016 hukumar Tarayyar Turai ta ce yarjejeniyar da Ayilan ta yi da Apple ta sa harajinsa a kan ribar Turai ya sauka har kashi 0.005 cikin ɗari a 2014, ta ce ya biya Ayilan yuro biliyan 13. Gwamnatin Ayilan da kanta ta ɗaukaka ƙara, ta ce ba ta son kuɗin, don kada sauran kamfanoni su gudu. Sai Satumban 2024 kotun ƙolin Turai ta yanke cewa sai an biya.

Issoufou Arlit: Salamu alaikum. Ina karanta ku tun ɗazu, ku bar ni in sa baki daga Nijar. Ku kuna maganar kofi da waya, mu ƙasarmu aka haƙa. Kamfanin Areva na Faransa, wanda yanzu ake kira Orano, ya shekara fiye da 40 yana haƙar yuraniyom a nan Arlit ta rassansa biyu, Somaïr da Cominak. A 2006 Nijar ta yi sabuwar dokar ma'adinai wadda ta ce kason gwamnati zai iya tashi daga kashi 5.5 har zuwa 12, gwargwadon riba. Kamfanin ya ce tsohuwar yarjejeniyarsa ta kare shi daga sabuwar doka, kuma a takarda yana da hujja. Da yarjejeniyar ta zo ƙarewa a ƙarshen 2013 aka yi ta ja-in-ja wata da watanni, ƙungiyoyin farar hula suka fito titi a Yamai, sai a watan Mayun 2014 ya yarda ya shiga ƙarƙashin dokar 2006. Duk tsawon wannan lokaci malamin makaranta ana cire masa nasa daga albashi, mai tebur a kasuwa yana biyan lanho, wato haraji. Shekara takwas kamfani yana zaune a wajen dokar da ta hau kan kowa, da sa hannun hukuma.

Maman Hanif: Sannu Malam Issoufou. Ashe ciwon ɗaya ne.

Barista Zainab: Akwai makamancinsa a Zambiya. A 2013 ƙungiyar ActionAid ta fitar da bincike cewa kamfanin Zambia Sugar, reshen wani kamfanin Birtaniya, ya ci ribar dala miliyan 123 daga 2007, harajin kamfani da ya biya bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Kamfanin ya ce rangwamen zuba jari ne da gwamnati ta ba shi bisa doka. Kwamitin Thabo Mbeki, tsohon shugaban Afirka ta Kudu, kuma a 2015 ya ƙiyasta Afirka tana asarar sama da dala biliyan 50 duk shekara ta kuɗin da ke sulalewa waje, kuma kaso mafi tsoka ta hanyar harkokin kamfanoni ne, ya fi na cin hanci nesa ba kusa ba.

Injiniya Kabir: Ni dai har yanzu ina ganin ana haɗa abubuwa biyu. Dabarar tura riba tsibiri daban, rangwamen da gwamnati ta bayar da idonta buɗe daban. Idan ba a ba mai kafa masana'anta hutun haraji na shekara uku zuwa biyar ba, kamar yadda aka daɗe ana yi a nan, zai tafi Gana ko Habasha ya kafa. Ku je Sharaɗa da Bompai ku ƙirga masana'antun da suka mutu. Sannan dokar da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta ba kamfani damar gina hanya a cire kuɗin daga harajinsa, ni na ga amfaninta. Dangote ya yi hanyar Apapa zuwa Oshodi da ta Obajana zuwa Kabba, NLNG mai harkar iskar gas ta ɗauki ta Bodo zuwa Bonny, MTN ta ɗauki ta Inugu zuwa Onica. Da kuɗin ya shiga baitulmali, wa ya san inda zai ƙare?

Maman Hanif: Injiniya, ka ba ni hujjata da hannunka. Hanyar Obajana ina take zuwa? Ƙofar masana'antar siminti. Ta Apapa? Tashar da kayan manyan kamfanoni suke shiga da fita. Ban ce jama'a ba sa bi ba, suna bi. Amma an ba kamfani dama ya ce harajina ga inda za a kashe shi, kuma ni zan kashe shi da hannuna. To ni ma ina da inda nake so a kashe nawa. A ɗakin da nake aiki akwai daren da da fitilar waya muke neman jijiya a hannun yaro. Safar hannu 'yan uwan majinyaci ake turawa su sayo a bakin ƙofa. Idan aka bar min harajina na shekara ɗaya, ni da abokan aikina za mu sa sola a ɗakin nan, mu kawo rasit. Wace doka ce ta ba ni wannan damar? Rashin yarda da baitulmali hujja ce idan kamfani ya kawo ta, idan ni na kawo ta sai a ce ai haka tsarin yake.

Injiniya Kabir: Idan aka ba kowa wannan damar ai babu gwamnati ke nan, Hajiya. Wa zai biya soja?

Maman Hanif: To shi ya sa bai kamata a ba wasu a hana wasu ba.

Baba Tijjani: 'Ya'yana, ku bar tsoho ya ce wani abu. Ni na ga zamanin da dagaci da dogarai suke bin gida gida karɓar haraji, na ga magidanci ya sayar da akuyarsa ko ya gudu ci-rani don kada a ɗaure shi a rana. Bafulatani kuma ana ƙirga masa shanu a karɓi jangali. Wannan ne ya cika NEPU da mutane. Da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, ranar mutane har kuka suka yi don murna. Abin da ya sa aka tsani harajin nan shi ne kai ake ƙirgawa, ba a duba abin da ke rumbu. Yau an daina ɗaure mutum a rana, amma ku duba VAT, harajin da ake ɗorawa a kan kayan da ka saya, da aka ɗaga daga kashi 5 zuwa 7.5 a 2020. Katin wayar da mai gadi zai saya da wanda maigidansa zai saya haraji ɗaya ne a kai. Ni a wurina tsohon harajin ne ya dawo ta kanti.

Alhajin Kwari: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Amma ai an ce sabuwar dokar ta gyara wannan duka.

Akanta Bashir: Ta taɓa wasu abubuwa, Alhaji. Tinubu ya sa hannu a Yunin 2025, aka tsara ta fara aiki 1 ga Janairun 2026. Naira 800,000 ta farko a shekara babu haraji a kanta, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, haka yake hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Mai albashin 250,000 a wata, wato miliyan 3 a shekara, idan ba a cire masa komai ba harajinsa 330,000 ne, 27,500 ke nan a wata, zai ragu idan aka cire fansho da rangwamen haya. A ɓangaren kamfanoni, an sa ƙa'idar cewa manya-manyan ba za su biya ƙasa da kashi 15 na ribarsu ba ko da wane rangwame suka tara, an ɗaga harajin ribar sayar da kadara ga kamfani daga kashi 10 zuwa 30, an kuma maye gurbin hutun harajin nan da Injiniya ya ambata da rangwamen da ya danganta da abin da ka zuba a zahiri. A takarda ci gaba ne. Amma ɓangaren masu albashi zai aiwatar da kansa tun watan farko, domin ofishin biyan albashi ne zai canza lissafi a kwamfuta. Ɓangaren kamfanoni kuwa sai an samu jami'an da za su iya zama da littafin kamfani mai rassa a ƙasa goma su gane inda riba ta bi.

Sadiq BUK: Wannan kashi 15 ɗin shi ne wanda ƙasashen duniya suka amince da shi?

Barista Zainab: Daga can aka ɗauko. A Oktoban 2021 ƙasashe 136 suka amince da shi a ƙarƙashin OECD, ƙungiyar da yawancin membobinta ƙasashe masu arziki ne, ga kamfanonin da cinikinsu ya kai yuro miliyan 750 a shekara. Najeriya da Kenya da Pakistan da Siri Lanka suka ƙi sa hannu a lokacin. Hujjar Najeriya ita ce an tsara rabon ne yadda ƙasashen da uwayen kamfanonin suke za su kwashi kaso mafi yawa. Shi ya sa a Nuwamban 2023 Najeriya ta gabatar da ƙudiri a madadin ƙasashen Afirka cewa a mai da tsara dokokin harajin duniya hannun Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙasashe 125 suka goyi baya, 48 suka ƙi, ciki har da Amurka da Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai. Trump kuma da ya dawo a Janairun 2025 ya ce yarjejeniyar OECD ɗin ba ta hau kan Amurka ba.

Usman Manchester: Trump ɗin da aka ce masa a muhawarar zaɓen 2016 akwai shekarun da bai biya haraji ba, ya ce wannan ya nuna yana da wayo. Gara attajirin Amurka Warren Buffett, shi ya rubuta da hannunsa a 2011 cewa kashi 17.4 ya biya, ma'aikata 20 da ke ofishinsa kuwa tsakanin kashi 33 da 41, ya ce a ƙara wa irinsa.

Alhajin Kwari: To ya rubuta wa gwamnati cek mana, wa ya hana shi?

Malam Habibu: Alhaji, da kyauta tana isa da ba a aika masu karɓar zakka ba.

Alhajin Kwari: Na ji, Malam. Ni dai matsayina bai canza ba a kan abu ɗaya. A haɗe mana harajin nan barkatai ya zama guda, a ba ni rasit na gaskiya, a cire shingayen hanya, sannan a fara da waɗanda suka fi ni, masu jiragen sama. Ranar da na ga an karɓa a wurinsu, ni da kaina zan kai nawa.

Maman Hanif: Mu ba a jira an fara da kowa ba kafin a karɓi namu, Alhaji. Akanta, wannan rangwamen haya da ka ambata, shi ma da kansa yake shiga lissafi ko sai na nema?

Akanta Bashir: Sai kin nema, Hajiya. Kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar da kike biya a shekara ake cirewa daga abin da za a lissafa miki haraji a kai, amma ba zai wuce naira 500,000 ba. Ki karɓi rasit ko takardar yarjejeniya daga mai gidan, da sunanki da adadin kuɗin a jiki, ki kai ofishin da ke shirya albashinku. Ki gaya wa abokan aikinki ma, yawancin masu albashi ba su san da shi ba, kuma idan ba a kai takarda ba babu mai cire musu.

Maman Hanif: Mai gidanmu ba ya ba da rasit, hannu da hannu yake karɓa.

Barista Zainab: Ki tura masa ta banki, ki rubuta "kuɗin haya" da shekarar a wurin bayani, ki ajiye shaidar. Idan ya ƙi karɓa ta banki ki yi min magana ta gefe, zan rubuta miki gajeriyar yarjejeniya ku sa hannu ku biyu da shaida ɗaya.